Jinjina ga Augusta Savage da waɗanda suka tono sunanta

A 2018 gidan adana kayan fasaha na Cummer da ke Jacksonville, jihar Florida, ya baje kolin ayyukan Augusta Savage, baƙar fatar Amurka mai ƙera mutum-mutumi, wadda ta rasu a 1962 duniya ta kusa manta ta. Sun yi aikin da ya cancanci yabo, domin abin da ya rage na hannunta kaɗan ne.

Talauci ne ya cinye mafi yawan ayyukanta. Ba ta da kuɗin zuba ayyukanta da tagulla, sai ta yi su da filasta ta shafa musu launi. Babban aikinta na bikin baje kolin duniya na New York a 1939, mawaƙa 12 jere kamar tsirkiyoyin abin kiɗa a kan wani ƙaton hannu, tsayinsa ƙafa 16, rushe shi aka yi bayan an watse. Wannan asara tana ci mini rai.

Masu baje kolin sun haɗa ragowar da ayyukan ɗalibanta na unguwar Harlem da ke New York, irin su Jacob Lawrence. A 2019 aka kai nunin New York, birnin da ta koyar a cikinsa.