Littattafai Huɗu Da Suka Tsare Mini Yara A Gida

Duk mazaunin Zamfara ba zai manta da watan Satumba na 2021 ba. A farkon watan, bayan sace ɗalibai a garin Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka sa dokar hana fitar dare, aka kuma katse layukan waya. Kasuwannin mako ma an tsayar da su, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Mu a nan Zurmi sai muka wayi gari ga yara jibge a gida, babu makaranta, babu sabis. Ni malamin Hausa ne, kuma uban 'ya'ya biyar, amma wallahi a makon farko na rasa yadda zan yi da su. Babban, mai shekara 15, da an yi magariba sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi, shi ala dole sai ya leƙa majalisar abokai.

Uwargida ce ta fitar da ni kunya. Ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado, ta fito da tsofaffin littattafan da ta tara tun tana budurwa, na haɗa da nawa na koyarwa. Daga cikinsu guda huɗu suka yi mana aiki, kuma su nake so in yi wa iyaye 'yan'uwana sharhi a kai, kowane da amfaninsa da kuma inda na ga gazawarsa. Abin da na koya a watannin nan shi ne, littafi yana gyara yaro ne idan uba ko uwa sun zauna sun karanta tare da shi. In an miƙa masa an juya baya, to sai abin da hali ya yi.

Na farko shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka wallafa a Zariya cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930. Na sha koyar da shi a aji, amma sai a lokacin na gane zurfin tsarinsa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Musa yana so ya fita ya bi sahu, ga waziri ya shirya masa makirci a waje. Da me aku ya tsare shi? Da labari. Kullum ya yunƙura zai fita, sai aku ya ɗauko wani labarin, har gari ya waye. To mai karatu, ashe ba halin da nake ciki ba ke nan? Sai na zama akun gidana. Bayan isha'i mu shimfiɗa tabarma, in kunna tocila, in karanta labari ɗaya tak. Daren da muka yi na Kalala da Kalalatu, dariyar yara har maƙwabta suka ji. Babban nawa bai sake maganar majalisa ba.

Ƙarfin Imam yana ga harshe. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na wasu al'ummu, ya sa musu riga da hula, har ka rantse a Katsina aka haife su. Inda nake da ja da shi kuwa shi ne, a wasu labaran mai wayo ke cin riba ko da ta hanyar yaudara ce, wawa kuma ya sha dariya. Saboda haka kada a rufe littafin ba a tambayi yara ba: abin da wane ya yi, daidai ne? Wannan littafi ya dace da kowa, daga ɗan shekara bakwai har kaka.

Na biyu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933. Ma'abota fim sun san Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Labarin yaro ne da aka sace, aka sayar, aka ƙetare Sahara da shi, da kuma uwar da ta bar komai ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. A da ina koyar da shi a matsayin tarihin abin da ya wuce. A Zurmi ta yau kuwa, wace unguwa ce ba ta san zafin a ɗauke mutum ba? Da muka kai inda uwar ta gamu da ɗanta bayan shekaru, uwargida tashi ta yi ta shige ɗaka. Don haka ban ba da shawarar a karanta wa ƙananan yara shi ba, musamman a gidan da abin ya taɓa shafa. A bari sai sun kai shekara 14 zuwa sama.

Salonsa mai natsuwa ne, babu hayaniya, kuma ya nuna yadda ilmi ke ɗaga wanda duniya ta kayar. Gazawarsa a wurina ita ce yadda ya sassauta wa bauta. Balaraben da ya tafi da Umar an zana shi mutumin kirki, komai kuma an jingina shi ga ƙaddara. Ya kamata uba ya tsaya a nan ya gaya wa ɗansa cewa yarda da ƙaddara daban, wanke azzalumi daban.

Na uku, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, na ƙarshen shekarun 1970. Jigonsa sananne ne: saurayi ya raina ƙauye, ya tafi birni neman arziki, ya faɗa hannun abokan banza, ya ga ta kansa. Darasin shi ne a riƙe noma, birni kitsen rogo ne. Na zaɓe shi ne saboda babban ɗana, don na san samarinmu da yawa hankalinsu na Kano da Abuja da Legas. Da muka gama sai ya dube ni ya ce, "Baba, to mu wace gona za mu komawa? Shekara biyu ke nan ba mu noma tamu ta daji ba." Na yi shiru. Gaskiya yaron ya fi ni. An rubuta littafin a zamanin da ƙauye ke da kwanciyar hankali, yau kuwa da yawa ba kwaɗayi ke kai su birni ba, gudun tsira ne. Duk da haka gargaɗinsa game da abokan banza yana nan daram, kuma muhawarar da ya tayar tsakanina da ɗana ta fi mini duk wa'azin da na taɓa yi masa. Ina kira ga marubutanmu na yanzu: wa zai rubuta mana labarin saurayin da gonar ce ta gagare shi?

Na huɗu daga adakar uwargida ya fito: Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. In faɗi gaskiya, da farko na ƙi. Na taso cikin malaman da ke kallon duk abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano a matsayin shirme. Uwargida ta ce, "Malam, karanta shi tukuna, in ka ga aibu ka sa shi wuta da hannunka." A dare biyu na gama shi. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta, wanda aka yi mata alkawarin aure da shi ya guje ta don ya yi boko ita ba ta yi ba, aka ɗaura mata aure da tsoho, daga baya ta tsere birni ta koma karatu har ta zama abin kwatance. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, domin ita kanta an yanke mata karatu an aurar da ita tana ƙarama.

Littafin yana da ɗaci, musamman inda ya bayyana wahalar da yarinyar ta sha a gidan miji, shi ya sa uwa ce ta fi dacewa ta karanta shi da 'yarta. Haka kuma marubuciyar ta tsananta wa maza, ta yadda mutumin kirki ke wahalar samu a ƙauyen Abu. Amma tun bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, iyaye nawa ne a yankinmu suka ce gara a aurar da yarinya a huta da fargaba? Ni kaina tunanin ya taɓa ɗarsuwa a raina. Wannan littafi na cikin abin da ya sa da aka buɗe makarantu na mayar da 'yata aji. Ina ganin uba ya fi 'yar bukatar karanta shi.

Kafin in ajiye alƙalami, ga 'yan shawarwari daga abin da na gwada. Kada littafi ya shiga hannun yaro sai kai ko uwarsa kun karanta. A ware ko da minti 20 ne bayan isha'i, a kuma tsaya a daidai inda labari ya yi daɗi, gobe da kansu za su ɗauko tabarma. A riƙa ba yaro shi ma ya karanta a bayyane, kada a katse shi a kowane kuskure. In ya gama, ya maimaita labarin da bakinsa, da Zamfarcinsa, domin harshen da Narambaɗa na Tubali ya yi waƙa da shi ba abin kunya ba ne. In littafi yana da fim, a fara da littafin, sannan a kalla a kwatanta, a nan ake gane yaro mai lura. Maƙwabta kuma su riƙa musanyar littattafai, a rubuta sunan mai aro, a naɗe su a leda saboda gara da damina.

Sai batun waya. Yanzu labaran sun koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, kuma a cikinsu akwai na kirki, akwai waɗanda ko babba zai ji kunyar karantawa. A 2007 an ƙona littattafan da aka ƙwace daga ɗalibai a Kano, amma hakan bai hana 'yan mata karatu ba, ɓoyewa kawai suka ƙara koya. Ƙwace waya ma haka ne. Zauna da 'yarka ka ce ta ba ka labarin da take karantawa. In ta ba ka ba tare da inda-inda ba, alhamdu lillahi. In ta fara kame-kame, ka san akwai zance, sai a bi shi da hikima.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zurmi da Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.