Littafin Yara Mai Hotuna: Ina Ladan Mai Zane a Adabin Hausa?

A shekarar 1977 wani littafin yara mai suna Ashanti to Zulu ya ci lambar Caldecott, babbar lambar yabo ta littattafan yara masu hotuna a Amurka. Margaret Musgrove ce ta rubuta shi, amma masu zanen, Leo Dillon da matarsa Diane, su aka miƙa wa lambar. Littafin ya bi haruffa 26, kowane harafi da al'ummar Afirka guda, kuma a kan harafin H Hausawa aka zana. Ke nan kusan shekara 50 yaran Amurka suna ganin Bahaushe cikin launi a littafinsu. Shi kuwa yaron Dagumawa a ƙaramar hukumar Wudil, mai kayan, da wuya ya taɓa riƙe irin wannan littafi da harshensa.

Ba kowane littafin da aka sa wa hoto ne ya shiga wannan sahu ba. Akwai littafin da rubutu ke ɗauke da labari, a jefa zane jefi-jefi don ido ya huta. Akwai kuma wanda in ka cire hoton, labarin ya gurgunce, kuma shi muke magana a kai. Yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe takarda a maɗaba'a takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Kalmominsa kaɗan ne, don an yi shi ne babba ya karanta a bayyane, yaro yana zaune gefensa yana bin hoto da yatsa.

Gwanintar tana wurin raba aiki tsakanin marubuci da mai zane. Ɗauki Gizo. Rubutu ya ce Gizo na kwance ba lafiya, ko ruwa ba ya iya sha. Hoto kuwa ya nuna shi lulluɓe da zane a kan tabarma, ido ɗaya a buɗe, hannu ya zagaya bayan randa yana dumbuzar tuwon da Ƙoƙi ta rufe da faifai. Yaron da bai san baƙi ba shi zai riga mai karatu gano ƙaryar, ya yi tsalle ya ce, "Wallahi ga hannunsa can!" A nan ya fara koyon auna magana da abin da ido ya gani, ya kuma tabbatar cewa takarda tana ɗauke da ma'ana. Hatta juya shafi dabara ce: a tsaya daidai inda Kura ta sa ƙafa a bakin ƙofa, sai an juya a ga abin da ya biyo baya.

Ƙasashen da wannan fanni ya bunƙasa sun gane cewa mai zane ma mawallafi ne. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fara ba da Caldecott a 1938, kuma ga mai zane take zuwa. Ingila ta kafa lambar Kate Greenaway a 1955. Lambar Hans Christian Andersen ta duniya ta buɗe ɓangaren masu zane a 1966. Amfanin lambar ya wuce tafi: makarantu da ɗakunan karatu suna sayen littafin da ya ci, a yi ta sake buga shi, mai zane ya rayu da sana'arsa. Tatsuniyoyin Afirka ta Yamma sun sha cin wannan kasuwa a hannun wasu. Littafin Gail Haley kan Anansi, gizon mutanen Gana, ya ci Caldecott a 1971. Leo da Diane sun fara ci a 1976 da labarin sauro mai kuka a kunne. Gerald McDermott, wanda ya ci lambar a 1975, ya fitar da Zomo the Rabbit a 1992, kuma daga tatsuniyar Hausa ya ɗebo shi. Ba zargin kowa nake yi ba. Sun ga daraja a abin da muka bari a ƙasa, suka yi masa aiki.

Mu ma ai gasa ce ta haifi ƙagaggen labarinmu na boko. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, ya zauna a zukata tare da zanen akunsa baƙi da fari. Jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu ya raini ɗalibai masu yawa, haka Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Sai dai a duk waɗannan, zane ɗan rakiya ne. Tambayi manyan da suka haddace labaran nan ko wa ya zana hotunan, za ka ji shiru. Da adabin kasuwar Kano ya tashi a shekarun 1980, matasa da matan aure ya nufa, hoton ya tsaya a bango, ƙananan yara ba su sami rabo ba.

Gasannin yau ma ba su cike gurbin ba. Kyautar adabi ta kamfanin NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan adabin yara duk shekara huɗu. Adeleke Adeyemi, mai laƙabin Mai Nasara, ya ci a 2011, Jude Idada a 2019. Amma littattafan Turanci ne. Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, gajerun labarai take karramawa. Shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun kai littattafan Hausa masu hotuna aji, sun kuma yi amfani, sai dai kayan koyar da karatu ne da suka dogara da kuɗin masu tallafi. Shafin African Storybook yana da labaran Hausa kyauta a intanet, amma da yawansu fassara ne a kan zanen da aka yi wa yaran wata ƙasa, kuma sai mai waya da data.

Wannan batu na zanen aro ba ƙarami ba ne, don yaro ya fi babba lura. Ɗan Dagumawa ya san kogin Wudil da kwalekwale, ya san masunci da komarsa da gorarsa, ya san fararen shanu masu dogon ƙaho da ake korawa kara ranar Juma'a. In aka zana masa saniya mai dabbare-dabbare a ciyawar Turai, zai kalla, amma zai ɗauka littafi gidan wasu ne. In ya ga rumbu da danga da akuya a gindin darbejiya, ya ga kansa. Leo da Diane sun yi bincike sosai, a yawancin shafukan suka sa namiji da mace da yaro da muhalli da wani kayan aiki da dabbar yankin. In baƙo ya yi wannan ɗawainiya, ɗan gida ba shi da uzuri.

Hannun zane kuwa ba mu rasa ba. Ga masu zayyanar allo, ga magina masu dagi a fuskar soro, ga masu aska takwas a wuyan riga, ga masu sassaƙar ƙwarya, ga masu fentin bayan manyan motoci, ga ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ko iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen mai rai, ana iya yi wa 'ya'yansu littafin haruffa da ƙidaya da launuka daga zayyana tsantsa.

Abin da ya rage shi ne a haɗa marubuci da mai zane, a biya su. Kirana ga ƙungiyoyin marubuta, da gwamnatin Kano, da masu hali: a kafa gasar shekara-shekara ta littafin yara mai hotuna da Hausa. A raba kyautar daidai tsakanin marubuci da mai zane, a buga sunayensu biyu a bango, a sa malaman firamare cikin alƙalai. Sharaɗi mafi girma shi ne a buga littafin da ya ci da takarda mai ƙwari, a kai shi makarantun firamare da Islamiyyu na karkara, daga Dagumawa zuwa Utai da Indabo da Lajawa. Kyautar da ta ƙare a zauren taro, littafin bai shiga hannun yaro ba, ba ta yi aikinta ba.