Komawar Rabi: Sake Karanta "Alhaki Kuykuyo Ne"

Duk wanda ya karanta "Alhaki Kuykuyo Ne" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu zai iya tuna inda ransa ya ɓaci. Ni nawa ya ɓaci ne a ƙarshe, da Rabi ta koma wa Alhaji Abdu. Mutumin nan ya ƙuntata mata a cefane, ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'ya tara. Ta kama sayar da abinci, ta tsaya da ƙafarta, har aka aurar da Saudatu. Sai da gobara ta lashe shagonsa aka tuna da ita, aka taru a kanta har ta koma. Ina ɗalibi na ce marubuciyar ta ji tsoro ne. Yanzu na sake karantawa, na janye maganata.

Littafin ya fito a 1990, kuma ƙarfinsa shi ne mudun da ya auna Alhaji Abdu da shi. Balaraba ba ta aro ma'auni daga waje ba. Ta ɗauko abin da shi kansa ya yarda addini ya ɗora masa: ciyarwa, tufatarwa, adalci tsakanin mata. Magidancin da zai yi jifa da takardar wata ƙungiya, ya ce aikin Turawa ne, ba shi da bakin faɗin haka a nan. Haka ta yi a "Wa Zai Auri Jahila?", inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma. Ita ma marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, don haka ba jita-jita take ba mu ba.

A sana'armu ta rubuta manhaja, tsarin da dubban mutane suka dogara da shi ba a kashe shi rana ɗaya. Ana gyaransa ne yana aiki, kuma matakin farko shi ne nuna wa masu shi ainihin inda yake cutarwa. Komawar Rabi ita ce wurin. Mace ta ciyar da gida da guminta, amma ranar yanke shawara muryarta ce mafi rauni. Da an ba mu ƙarshe mai daɗi, da mun rufe littafin mun yi barci.

Sai dai akwai inda na kasa bin marubuciyar. Abin da ya karya Alhaji Abdu gobara ce, ba hukuncin alƙali ba. Mai karatu na iya fita da darasin cewa wadda aka zalunta ta yi haƙuri, alhaki zai yi aikinsa. To, ba kowane azzalumi ne shagonsa ke ƙonewa ba. Haƙƙin da sai wuta ta tashi ake samunsa bai zama haƙƙi ba tukuna. Ko a 2017 da Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi maganar dokar iyali da za ta hana marar hali ƙara aure, mun ga irin ƙurar da ta tashi.

Balaraba ta nuna mana ciwon da harshen da ba za mu iya musantawa ba. Saura marubutan yau su rubuta mana Rabin da ta san ƙofar kotu, ta shiga, kuma danginta suka raka ta.