Fatsa: Nishaɗin Da Bai San Talaka Da Mai Kuɗi Ba

Jama'a, ku bar ni in yabi fatsa, don wallahi an daɗe ana tauye mata haƙƙi. A ƙasar nan da an ce kamun kifi sai hankali ya tafi Argungu, inda dubban mutane ke yin sahu a bakin kogin Matan Fada, kowa da gora da koma, ana jiran ƙarar bindiga a ruga cikin ruwa. Biki ne na gaske, tun 1934 ake yin sa, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Amma wancan fagen gwanaye ne, 'ya'yan Kabawa da Sarkawa da suka buɗi ido suka ga iyayensu cikin ruwa. Ni da kai, ma'aikacin ofis, ɗalibi, tela, ɗan tireda wanda ko iyo bai iya ba, namu rabon shi ne fatsa. Sanda, zare, ƙugiya, ka zauna a gaɓa ƙafarka a bushe. Kuma da babbar murya nake faɗa, ban san wani nishaɗi a Arewa da ya haɗa araha da daɗi kamar wannan ba.

Kayan aikin ne suka fara sace mini zuciya. Ka nemi sandar gora busasshiya, siririya, mai tsawon mita uku zuwa huɗu, wadda kanta ke ɗan lanƙwasa in an girgiza ta. In babu gora, gwangwala ma ta wadatar. Sai farin zaren roba irin na masunta, ka yanki daidai tsawon sandar, kada ya wuce, don in ya wuce ba za ka iya ɗaga kifi zuwa hannunka ba. Sai ƙugiyoyi, kuma a nan ka kula, yadda lambar ƙugiya ke hawa haka girmanta ke raguwa, sabon shiga kuwa ƙanana yake bukata. Ƙaramar ƙugiya tana kama babban kifi, amma babba ba ta shiga bakin ƙarami, sai dai a yi ta cinye maka abinci kana zaune. Nauyin da zai nitsar da zaren, ɗan guntun dalma ne, ko ka roƙi ƙaramin noti wajen bakanike. Alamar da za ta yi yawo a saman ruwa kuwa, yanki tsohon silifa kamar girman kan yatsa ka ɗaura. Shi ke nan, an gama sayayya! Ƙugiya da zare kaɗai ka biya wa kuɗi, su ma ba su kai abin da matashi ke zubawa a data cikin mako ba.

Na san akwai sandunan zamani masu injin naɗe zare, irin na kamfanonin Japan, Shimano da Daiwa, masu sheƙi, waɗanda ake gani a bidiyon Turawa a YouTube. Suna da kyau, ba na musu. Suna jifa da nisa, suna iya jure dambe da babban kifi. To amma wanda bai taɓa jin kifi ya ja zare ba, me zai yi da su? Zare zai cukurkuɗe masa a injin, ya ɓata safiyarsa yana warwara. Sandar gora ba ta da abin da zai lalace. In ta karye ka sari wata. Abin da ya fi daɗi ma, babu komai tsakaninka da kifin, duk motsin da ya yi kai tsaye yake zuwa tafin hannunka.

Abincin ƙugiya shi ma kyauta ne. Tana ita ce sarauniya, ka tona inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya ko gefen lambu, ka zuba a gwangwani da ɗan danshin ƙasa. Ka zura ta a ƙugiya ta rufe ƙarfen, ka bar ɗan wutsiya yana motsi. Gara tana yi, fara tana yi, shinge da ke fitowa bayan ruwan farko kuwa kifi hauka yake yi a kansa. Ga hanjin kaza da mahauta ke zubarwa, ga cuɗaɗɗen burodi ko ragowar tuwo da aka murza ya yi danƙo. Wasu suna watsa ɗan dusa a wurin tukuna don ƙananan kifi su taru, dabara ce mai kyau ƙwarai.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a saurare ni. Ka isa bakin ruwa bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ka jefa zare kusa da ciyawa ko gindin wani kututture da ruwa ya shanye. Guntun silifa ya zauna cik. Kana kallonsa, kana kallonsa, har ka manta da bashin da ake bin ka da saƙonnin da ke jira a waya. Can sai ya yi ɗan rawa. Kada ka taɓa! Ɗanɗanawa ake yi. Ya sake rawa, ya ɗan tafi gefe, sannan tsulum, ya nitse. A nan ne za ka fizga, fizgar wuyan hannu kawai, ba ta ƙarfi ba. Sai ka ji sanda ta yi rai, kanta ya sunkuya, wani abu a ƙasa yana ja yana kaɗawa. Wallahi ko kifin bai fi tafin hannu ba, gabanka sai ya faɗi. Na ga dattijo mai furfura yana ihu kamar yaro saboda karfasa guda, kuma babu wanda ya yi masa dariya, don duk wanda ke wurin ya san abin da ya ji.

Karfasa ita ce malamar sabon shiga. Tana da yawa, tana yawo a ruwa marar zurfi, bakinta ƙarami, ga wayon sata. Ita za ta koya maka lokacin fizga. Halittarta ma abin sha'awa ce, macen irin wadda ta fi yawa a ruwayenmu a baki take ɗaukar ƙwayayenta har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma in sun tsorata sukan koma ciki su ɓuya. Saboda haka in ka kama wadda bakinta ke cike da ƙwai, mayar da ita, kifin baɗi ne. Kuma karfasa tana gani sarai. Da Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma, ba wasa yake yi ba. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada ka sa farar riga mai ɗaukar ido, kada ka yi ta buga ƙafa a gaɓa.

Amma gwanata ita ce tarwaɗa. Kai, tarwaɗa! Ba ta dogara da ido, da gashin bakinta take laluben abinci a ƙasan ruwa, shi ya sa ta fi ci da almuru da dare, kuma abu mai ƙarni kamar hanjin kaza ya fi jan ta. Matsar da alamarka sama don ƙugiya ta kwanta a ƙasa. Ita ba ta tsayawa ɗanɗane-ɗanɗane, in ta ɗauka tafiya take yi da zaren gaba ɗaya. Ga taurin rai, tana da wani sashe a cikin kanta da take shaƙar iska da shi, don haka za ka kai ta gida a bokiti da ɗan ruwa tana nan da ranta. A wanke yauƙin da ruwan zafi ko lemon tsami, a yi farfesu da citta da masoro da attaruhu. Wanda ya ci farfesun tarwaɗar da ya kama da hannunsa, na gidan abinci ya daina burge shi. Farkon damina, lokacin da sabon ruwa ke malala cikin ciyayi, shi ne kakarta. Da hunturu kuwa sanyi kan sa kifi ya yi sanyin ci, gara ka bari rana ta ɗaga.

Akwai baƙi biyu da za su iya zuwa ba ka gayyace su ba. Ƙurungu yana gurnani in an fito da shi, yana kuma miƙar da ƙayoyinsa su ƙage, sukarsu akwai raɗaɗi, don haka a kama shi da tsumma. Minjirya kuwa, mai taushin jiki da ɗige-ɗige, wutar da take saki tana iya haura volt 300. In ka gan ta a ƙugiya, yanke zaren kawai, ƙugiya ba tsada gare ta ba. Giwan ruwa, wanda kan wuce kilo 100, wannan a bar shi a mafarki tukuna, ba abokin sandar gora ba ne.

Wurin zuwa bai yi mana ƙaranci ba. Mutumin Kano yana da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ga Bagauda kusa da ita, ga Challawa a wajen Ƙaraye. Katsina akwai Zobe a Dutsin-Ma, Sakkwato akwai Goronyo, Zamfara akwai Bakolori, Gombe akwai Dadin Kowa, ga fadamun Haɗeja da Nguru, ga tafkin Kainji daga Yawuri har New Bussa, inda cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take. Ba ma sai ka yi nisa ba, rafin bayan gari ko kududdufi mai tsabta da ba ya ƙafewa ya isa koyo.

Duk inda ka je, ruwa yana da masu shi. Nemi masuntan wurin ka yi sallama, in akwai Sarkin Ruwa a kai ka ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, koyo na zo yi." Ɗan goro da ladabi za su saya maka ilimin da babu shi a intanet. Su za su ce maka, "Yaro, can akwai rami, nan akwai kada, wancan lungun dorina ke kwana, ga inda muka shimfiɗa kalli kada ka jefa." Su ne kuma za su gaya maka ko hanyar lafiya take, don a wannan zamani ba kowane bakin ruwa ake zuwa ba.

Aibin fatsa? Akwai, amma kaɗan ne. Wata rana za ka dawo da bokiti wayam, a gida a yi ta tsokanarka. Sauro zai sha rabonsa. Babban abin tsoro shi ne tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata in an shiga ruwan da ke kwance mai dodon koɗi, saboda haka ka tsaya a tudu, ba ruwanka da tsoma ƙafa. Gaɓar dam tana da santsi da zurfin ba-zata, kada wanda bai iya iyo ba ya je shi kaɗai, kada kuma a bar yara ba babba. Masu zuba guba irin su Gamalin ko jefa nakiya don kwashe kifi kuwa, wannan ɓarna ce, dokar kamun kifi ta 1992 ma ta haramta, kuma mai fatsa na gaskiya ba ya haɗa hanya da su.

In maki ake bayarwa, na ba fatsa goma bisa goma, da ana ƙari ma da na ƙara. Ɗan'uwa, Asabar mai zuwa ka sari gora, ka sayi ƙananan ƙugiyoyi da zare, ka toni tana tun daren Juma'a, ka ja abokinka ɗaya ku tafi. Ka riƙe hula da ruwan sha, kuma ka ce wa uwargida ta tanadi kayan farfesu.