Jinjina ga masu binciken kuɗi

Duk ma'aikatar da ka ga dukiyarta ba ta yoyo, akwai odita a bayan tebur yana bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada bauca da rasit, ya duba wa ya sa hannu, sannan ya shiga sito ya ƙirga buhuna da kansa. In an rubuta 100 ya tarar da 80, to 80 zai rubuta, ko da shugaba zai murtuke fuska. Aikin nan yana jawo baƙin jini, amma suna yi. Sashe na 85 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya wajabta kai rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi gaban Majalisar Tarayya. 'Yan majalisa, don Allah ku riƙa karanta rahoton.