Littafi Mai Tsarki a Hannun Sabon Mai Karatu

A wannan fili mukan duba littattafan da ke shigowa hannunku, mu faɗi inda suka yi daidai, mu faɗi inda suka gaza. Littafin da muka ɗauko yau ya fi duk na baya kauri. Shi ne Littafi Mai Tsarki na Kirista, juyin Hausa na 1979.

Ba wa'azi muka zo yi ba. Yawancinmu a ƙasar Tasawa da Mayahi Musulmi ne. Kirista kuwa a Nijar duka ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, bisa ga ƙidayar 2012. Amma a ajin yaƙi da jahilci akan same su. In ka tambayi ɗayansu abin da ya kawo shi, da furfurarsa, ya zauna bisa tabarma yana koyon baƙaƙe, amsa ɗaya za ka ji. Yana so ya karanta littafin nan da idonsa kowace safiya, ba sai ya jira Lahadi a karanta masa ba. A wurinsu ibadar kullum ke nan: a karanta kaɗan, a yi addu'a, a fita a aikata abin da aka karanta, gobe a sake. To, abin tambaya shi ne, littafin yana karɓar irin wannan baƙo hannu biyu, ko kuwa yana barinsa tsaye a zaure?

Mu fara da asalinsa, don akwai hannun ɗan ƙasarmu a ciki. A watan Janairu na 1851 wani Bature Bajamushe mai suna Barth ya ratsa Tasawa, ya nufi Gazawa da Katsina. Da zai koma gida a 1855 ya tafi da wani yaro, Dorugu, haifaffen Dambanas a ƙasar Damagaram, wanda aka taɓa kamawa bawa, aka fanshe shi. A Ingila yaron ya zauna wurin wani malamin mishan, Schön, yana ba shi labarai da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Hausar bakin yaron nan ta taimaki Schön ƙwarai, har ya buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Littafin duka bai fito ba sai 1932, da aikin Dokta Miller na Zariya da abokansa. Kafin nan ƴan mishan na SIM sun riga sun sauka Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri da Maradi. Shi ne suka shiga ƙauyuka da shi, har aka yi sabon juyi a 1979, wanda muke dubawa yau.

Laifinsa na fari ba na masu fassara ba ne, na masu bugawa ne. Littafin ba shi da ƙofar da sabon mai karatu zai shiga.

Ku duba. Littattafai 66 ne aka ɗinke wuri ɗaya. Surorinsa 1,189. In mutum yana karanta sura ɗaya a yini, sai ya yi shekara 3 da wata 3 kafin ya kai bango. Mu kuwa a aji mun koya wa mutane su fara littafi daga shafin farko, su bi shi a jere. Na san wani dattijo a wani ƙauye arewa da Tasawa, ya gama ajinsa, ya sayi littafin nan da kuɗin wake, ya yi yadda muka koya masa. Littafin Farawa ya tafi masa kamar ruwa a gangare. Ga Nuhu, ga Ibrahim, ga Yusufu da ƴan'uwansa, duk sunayen da ya sani tun yana yaro. Fitowa ma haka, har ya wuce tsakiyarsa. Daga nan sai awon alfarwa, kamu kaza tsawo, kamu kaza faɗi. Sai Littafin Firistoci da ƙa'idodin hadaya. Sai Ƙidaya da jerin sunayen kabilai. Damina ta faɗi, ya rufe littafin ya sa a jaka, ya rataye. Da kaka na same shi, baƙaƙen sun fara guje masa. Kowane malamin yaƙi da jahilci ya san wannan ciwo: wanda ya bar karatu wata 3, sai an koma da shi baya. Mutumin nan ya yi hasara biyu a damina ɗaya, ibadarsa da karatunsa. Abin da ya fi ba ni haushi, ya ɗauka laifin kansa ne.

Alhali kuwa littafin da kansa ya ba da magani. A Fitowa sura 16 akwai labarin abincin da ke sauko wa Isra'ilawa a hamada kowace safiya. An ce kowa ya tara na yini ɗaya. Waɗanda suka yi haɗama suka ajiye na gobe, ya yi tsutsa ya yi wari. Duk wanda ke ɗiban hatsi daga rumbu da tiya, damin da zai kai shi kaka yana lissafi, ya gane labarin nan ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Karatu ma haka yake so, kaɗan kaɗan, kullum. Da masu bugawa sun sa shafi ɗaya a gaba, da manyan baƙaƙe, sun ce sabon mai karatu ya fara da Markus, sura 16 ce kawai, labari bayan labari, ko ya ɗauki Karin Magana mai sura 31, sura ɗaya kowace rana wata ya ƙare, da mutane da yawa ba su rataye jakarsu ba.

Batun Hausar, ba za mu daɗe ba. Mai kyau ce, musamman a labarai da Zabura. Amma Hausar ƙetaren iyaka ce, ta Kano da Zariya, da rubutun Najeriya. Inda muka koya muku ƴ mai ƙugiya, can za ku ga y da ɗan wakafi a gabansa. Kada wannan ya firgita ku, abu ɗaya ne. Baƙaƙen ƙanana ne, takardar siririya, mai ido na shekara 60 da hasken cocilan zai sha wuya. Wasiƙun Bulus kuwa dutse ne. A Afisawa sura 1, daga aya 3 zuwa 14 magana ɗaya ce ba tsayawa a harshen Helenanci. Masu fassara sun yanka ta gunduwa gunduwa, mun gode musu, amma har yanzu ba ta tauno ga mai haɗa baƙi. Akwai kuma inda manomi zai yi dariya. A Markus sura 4 mai shuka yana yafa iri, wani ya faɗa kan hanya, wani kan dutse, wani cikin ƙaya. Mutumin Mayahi da ke sara da sungumi, ya jefa ƙwaya, ya rufe da diddige, sai ya ce wannan wane irin almubazzari ne? Ba wanda ya gaya masa cewa a ƙasar Falasɗinu yafa alkama ake yi. Layi ɗaya a gindin shafi ya isa.

Yanzu mu zo ga babbar magana. Kalma ɗaya ce ke riƙe da ibadar Kirista duka, masu fassara kuwa sun zaɓa mata kalmar alheri. Ba su da wadda ta fi ta. Amma kalmar nan ta shigo littafin da kayanta a ka.

Mene ne alheri a wurinmu? Ku tambayi mata. Ƙawarki ta yi haihuwa, kin kai mata jika ɗaya ranar biki. Kowa ya ce kin yi alheri. Amma ita ta riƙe a ka, ke ma kin riƙe. Ranar naki bikin, in ta zo da jika ɗaya kawai an yi magana, don al'ada ta ce a ɗora a kai. Maza ma haka. Ka je gayyar wani, ka san zai zo taka. Shi ya sa muke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Muna cewa alheri gadon barci ne. Wato wanda ya yi shi, kansa ya yi wa. Ba aibu a cikin wannan, da shi ƙauye ke tsaye. Amma alheri ne mai littafin bashi a bayansa.

To, sabon mai karatu ya ga an ce alherin Allah. Da wane kunne zai ji? Da kunnen biki. Sai ya fara lissafi. Na karanta sura yau, na yi addu'a, na hana kaina kaza, na kai nawa, saura a maido mini da ribi. Ko kuwa ya juya ta ɗaya gefen: kwana 10 ban buɗe littafi ba, bashi ya taru a kaina, da wace fuska zan koma? Mai bashi ba ya bin ƙofar mai binsa, zagayawa yake yi. Da yawa da suka bar ibadar safe, kunya ce ta hana su komawa, ba ƙiwuya ba. Dattijon nan nawa ma, da na matsa shi, abin da ya faɗa ke nan.

Littafin kuwa ba haka yake nufi ba, kuma inda ya fi bayyana shi ba a wasiƙu ba ne, a wani labari ne na Matiyu sura 20. Wani mai garka ya fita da sassafe neman ƴan barema, suka yi jinga kan kuɗin yini ɗaya. Da hantsi ya ƙaro wasu. Da rana tsaka ya ƙaro, da azahar ya ƙaro. Har rana ta yi gora ya sami wasu zaune ba wanda ya ɗauke su, ya ce su ma su shiga. Da yamma ya fara biyan na ƙarshe, ya ba su kuɗin yini cikakke. Na farko suka sa rai da ƙari, sai ga shi daidai da na sauran. Suka yi gunaguni. Ni ma da na karanta na yi gunaguni, kuma na tabbata duk wanda ya taɓa yin barema a gonar wani da zafin Yuli zai yi. Nan ne ƙarfin labarin yake. Ba a cuci na farko ba, an ba su jingarsu. Na ƙarshe ne aka ba abin da guminsu bai kai ba, don su ma akwai bakuna a gida. A nan masu fassara sun yi aiki mai kyau. Hausar gajera ce, ba ado, ana jin muryar mai garka, ana jin ta masu ƙorafi. Wanda ya karanta wannan sura a hankali ya san alherin da ake nufi ba ya shiga littafin biki. Sai dai ku lura, sura ta 20 ce a littafi na 40. Wanda ya bi a jere zai yi fiye da shekara 2 kafin ya iso ta.

Kalmar biyayya ma tana da nata kaya. A wurinmu biyayya ita ce a durƙusa, a sunkuyar da kai, a ce "to". Babba ya aike ka, ba ka cewa a'a, ko da ba za ka je ba. A Matiyu sura 21 uba ya aiki ƴaƴansa biyu gona. Ɗaya ya ƙi a baki, daga baya ya tafi. Ɗaya ya amsa da ladabi, bai je ba. Littafin ya ba na farko gaskiya. In da a zauren maigari aka kawo ƙarar, ina jin na biyu za a yaba wa tarbiyya, a ja wa na farko kunne.

Inda na fi sara wa masu fassara shi ne kalmar jimiri. Sun iya sa haƙuri ko'ina a wuce, ba mai tuhumarsu. Amma a wurare kamar Romawa sura 5 da Yakubu sura 1 sun sa jimiri. Haƙuri, yadda muke faɗinsa, sau da yawa zama ne a naɗe hannu. Jimiri na mai tafiya ne da kaya a ka. Waɗanda suka ga yunwar 1984 sun san bambancin. Ayuba ma, da ake buga misali da haƙurinsa, ku karanta littafinsa ku gani, sura bayan sura yana kuka yana gardama, amma bai saki ba. A sura 14 ya kawo misalin itacen da aka sare, kututturen ya tsufa a ƙasa, ya ji ƙanshin ruwa ya sake toho. Mu nan ba misali ba ne a wurinmu. Tun daga 1983, da wani ma'aikacin mishan a Maradi, Tony Rinaudo, ya fara roƙon manoma su bar tohon kututture su riƙa gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani, gonakin da suka zama fili fetal daga Agye zuwa Tasawa, har Gulbin Kaba, sun sake yin gawo da kalgo da sabara. Saiwar ba ta mutu ba, sara ne ake yi mata kowace shekara.

Bayan 1979 an fitar da wasu juyi masu sauƙin Hausa, akwai ma wanda ake saurare a salula. Suna da amfani, musamman ga mai raunin ido. Amma saurare ba ya riƙe wa mutum baƙaƙensa, kuma har yanzu Farawa ce a gaba, Firistoci na nan ta uku tana jira.

Dattijon nan, na ɗauki zare na sa masa a farkon Markus, na ce aya 10 a yini ta isa, ranar da ya tsallake kada ya rama, ya ci gaba daga inda zaren yake. Na koma ƙauyen ranar kasuwa bayan wata 2. Zaren ya kai sura 9. Ya ce har yanzu bai yafe wa mai shukar nan ɓarnar iri ba.