Jinjina ga Maƙeran Bindigar Toka

Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe. Fatake ne suka kawo ta ƙasar Hausa, amma maƙera suka raya ta. A Sakkwato, inda unguwar Maƙera Assada ta yi suna wajen ƙira, gyaran tsohuwar bindiga aikin haƙuri ne. Sai an kankare tsatsa, an sassaƙa sabuwar ƙota, an daidaita kunama har ta kama. Ganganci kaɗan, bututun ya tsage a hannun maharbi. Yaron unguwar Gidan Dare da ya ji rugugin bindigogi ranar hawan sallah, ɗan bindiga yake yabo, alhali rabin yabon na maƙeri ne.